Farashin da Muka Kai Zauren Maƙwabci

Shekarun baya, ba da daɗewa ba bayan rasuwar mahaifinmu, ya zama dole mu sayar da gidanmu na Ƙofar Dundaye. Ba marmari ne ya kai mu ba. Gidan ƙasa ne mai ɗakuna huɗu da zaure, kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, kuma ba ya rabuwa. Mu huɗu ne magada: mahaifiyata, da ni, da ƙanena, da ƙanwata wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana a gidan haya. Malamin da ya zo yi mana rabon gado ya zagaya gidan sau biyu, ya ce in aka ce sai an ja katanga an raba, wani zai tashi da rijiya, wani kuma da makewayi. Aka tsaya a kan a sayar a raba kuɗin, mahaifiyata ta koma wurina.

Kafin in ci gaba sai na gabatar muku da wata ƙofa, domin ba don ita ba da babu labarin.

A katangar da ta raba mu da maƙwabcinmu na gabas akwai wata 'yar gajeruwar ƙofa, wadda babba ba ya wuce ta sai ya sunkuya. Mahaifina da maƙwabcin ne suka fasa ta tun kafin a haife ni, don matansu su riƙa shiga wurin juna ba sai sun fita titi ba. Ƙyaurenta tsohon duro ne aka farke aka buga a katako. Ta nan garwashin wuta ke wucewa da safe, ta nan kwanon tuwo ke tafiya ya dawo da fura, ta nan kuma matar maƙwabcin, wadda muke kira Gwaggo, ta shigo a guje ranar da aka haife ni. Goshina ya san wannan ƙofa sarai. Har na girma na fara aiki ban daina mantawa da tsawona ba.

Maƙwabcin kuwa, Baba muke ce masa. Manomin shinkafa ne a fadama, mutum mai ƙarancin magana, aminin mahaifina na fiye da shekara arba'in. Shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. 'Ya'yansa maza sun girma, gidansa ya yi musu kaɗan, kuma duk unguwa an san cewa in akwai wanda gidanmu ya dace da shi, to shi ne.

Muka zauna a zaure don yanke kuɗi, ni da ƙanena da wani dillali da ƙanena ya kawo. Tun kafin zaman mun bincika yadda aka sayar da gidaje biyu a layinmu, saboda haka mun san abin da namu zai yi, ko da ɗan sama ko ɗan ƙasa. Ba zan faɗi adadin ba, domin da darajar naira ta yau sai ku ɗauka kuɗin babur nake nufi. Abin da ya raba mu shi ne me za a ce wa mai tambaya.

Ni aikina karanta labarai ne a rediyo. Abu na farko da aka koya mini a wurin aiki shi ne mai sauraro ba shi da damar cewa ka maimaita, don haka ka faɗi magana sau ɗaya, ka faɗe ta daidai. Da wannan tarbiyya na zo zaman. Na ce mu faɗi ainihin kuɗin, mu ce babu ragi, wanda ya ga ya yi masa ya saya. Na ma tsara yadda za a faɗa, jimla ɗaya, babu kwana.

Ƙanena, wanda kayan babur yake sayarwa a kasuwa tun yana saurayi, ya dube ni da irin tausayin da ake yi wa baƙo.

"Yaya, wanga ba labarun duniya ba ne," ya ce. "Can in ka faɗi, an ji, an kashe rediyo. Nan in ka faɗi, yanzu anka fara."

A ganinsa, ko rantsuwa ka yi cewa kuɗin gaskiya ka faɗa, mai saye zai ɗauka ka ɗora, ya zabge kashi ɗaya cikin uku kafin ya buɗe baki. Shi shawararsa kada a faɗi komai. A bar masu so su taya, mu kuma mu riƙa cewa albarka har tayin ya hau inda muke so.

Dillalin bai yarda da ko ɗayanmu ba. Ya ce barin mutane su taya ya dace da cinikin rago, amma gida in ba a sa masa kuɗi ba, mai tayin farko zai jefa abin da ya ga dama, kuma wannan tayin ne zai bi gari ya zama sunan gidan. Ya ce a ɗora sosai, a bar wurin sauka. Mai sayen gida, in ji shi, ba gida kaɗai yake so ba, yana so ya koma ya gaya wa iyalinsa cewa ya karya masu gidan. In ka hana shi wannan daɗin, ko araha ka yi masa ba zai gode ba.

Ƙanena ya sauka daga ra'ayinsa ya hau na dillali. Biyu suka rinjayi ɗaya. Aka ɗora kusan kashi ɗaya cikin uku a kan abin da muka sani. Na ce a rubuta cewa ban yarda ba, ƙanena ya ce babu mai rubutu a nan.

Da muka shiga muka gaya wa mahaifiyata, ba ta tambayi adadi ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kada kowa ya ji labarin sayar da gidan sai Baba ya fara ji, kamar yadda aka saba yi wa maƙwabci. Dillalin ya ce shi zai je, aikinsa ne. Ta aiko masa daga ɗaki cewa ba a tura dillali wurin mutumin da ya wanke uban yara. Babban ɗa zai je da ƙafarsa.

Na je bayan la'asar. Na same shi a zaurensa a kan buzu, yana gyara igiyar guga. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya yi wa mahaifina addu'a. Na gaya masa abin da magada suka yanke, da cewa Inna ta ce kada kowa ya riga shi ji. Ya gyaɗa kai, na ga ya ji daɗin wannan. Ya ajiye igiyar.

"Nawa kunka yanke?" ya ce.

Na faɗi kuɗin da dillali ya tsara, da muryar aiki, kowane harafi a wurinsa. Ya zo mini a rai in ƙara da cewa ai akwai magana a ciki, amma sai na ji kamar in na faɗi haka na zama mai tallan gidan ubana a gaban amininsa. Ban ƙara ba.

Baba ya ɗauki igiyarsa.

"Madalla," ya ce. "Allah shi kawo mai rabo."

Daga nan ya tambaye ni ko a wurin aikinmu an ce ruwan bana zai sauka da wuri. Muka yi maganar damina, na yi sallama na fito. Na koma na ba mahaifiyata rahoto kalma da kalma, ban rage ba ban ƙara ba, na rufe da cewa da alama Baba ba shi da bukata. Rahoton nan babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. Labarin ne kawai ban gani ba.

Gida ya shiga kasuwa. Da farko mutane sun yi ta zuwa. Su shiga da sallama, su leƙa rijiya, su ɗaga kai su dubi azara, su ƙwanƙwasa bango, sannan su tambayi kuɗi. Da sun ji, wasu su ce za su dawo, wasu su jefa tayin da ko filin bai saya ba. Abin da dillalin bai gaya mana ba shi ne ba shi kaɗai zai riƙe gidan ba. Ya gaya wa abokin sana'arsa, wannan ya ɗora nasa ya gaya wa wani, wancan ma ya ɗora. Wata rana a wurin aiki wani abokina da ke neman gida ya ba ni labarin wani tsohon gidan ƙasa a Ƙofar Dundaye da aka sa wa kusan ninki biyu na kuɗinsa. Ya ce masu gidan ko dai ba su son sayarwa ko kuma zafin bana ya taɓa su. Na tambaye shi kwatance, ya kwatanta mini ɗakin da aka haife ni. Na ce lallai mutane sai a hankali.

Ana cikin haka wani abu ya canja a cikin gida, wanda ni ban lura da shi ba sai da ƙanwata ta nuna mini. Gwaggo ta daina shigowa ta ƙaramar ƙofa. In za ta zo, sai ta sa hijabi ta fita titi ta zagayo ta zaure, ta yi sallama kamar baƙuwa, ta zauna a bakin tabarma, ta gaisa ta tashi. Garwashi ya daina wucewa. Wata safiya da na je gaishe da mahaifiyata, tana tsince shinkafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Jiya na tura ƙofa na ji turmi bayanta."

Na ce wataƙila wuri ne ya yi musu kaɗan. Ta ce shekara arba'in wurin bai yi kaɗan ba. Ita a zatonta Gwaggo fushi take don za ta tashi ta bar ta, kuma tana ganin ba ta da bakin ba da haƙuri a kan abin da ba za ta fasa ba.

Damina ta sauka, kuma da yake muna ganin gidan na sayarwa ne, ba mu yi yaɓe ba. Ruwa na uku ya zubar da kusurwar ɗakin da ke yamma. Yanzu masu zuwa ba kuɗi suke fara tambaya ba, sai su ce me ya sa gidan ya daɗe. Magana ta fita cewa magada ne ke rigima, wai akwai shari'a. Babu rigima, babu shari'a, amma ba ka iya bin mutane gida gida kana ƙaryata abin da ba a faɗa a gabanka ba. Muka rage kuɗi. Muka sake ragewa. Abin da na lura shi ne duk ragin da muka yi, maimakon ya jawo mai saye, sai ya koya wa mutane jira. Wanda ya ga ka sauko taki biyu ya san akwai na uku. Wurin saukar da dillali ya ce a bari ya zama gangara.

Ƙanwata ba ta taɓa ɗaga murya ba, amma mai gidan da take haya ya ba ta wa'adi zuwa bayan kaka, domin zai yi wa ɗansa aure ya sa shi a ciki. Ta riga ta ga wani rabin fili da ɗaki ɗaya a bayan gari. Duk lokacin da na je sai ta tambaye ni aiki, ta tambayi yara, sannan a ƙarshe, tana raka ni, ta ce ko an samu wani.

Aka samu. Wani ɗan kasuwa ne daga Sabon Gari, mutum mai fara'a, wanda bai damu da rubzawar ɗaki ba domin ba ginin yake so ba. Gidanmu yana bakin hanya. Shi niyyarsa ya rushe duka, ya yi shaguna a gaba, ɗakunan haya a baya. Ya yi tayi mai kyau, ya kusa kai ainihin kuɗin da muka sani tun farko, wanda a lokacin mun fara cire rai da shi. Yana zagayawa da dillali ya ga ƙaramar ƙofa, ya yi dariya ya ce wannan bulo kaɗan ne an toshe ta. Bai faɗa da mugunta ba. Mahaifiyata tana ɗaki, ta ji.

Ƙanena ya kira ni a waya ya ce an gama, mutumin zai kawo kafin alƙalami ranar Juma'a. A nan ne tarbiyyar rediyo ta yi mini rana sau ɗaya a duk labarin. Na tambaye shi ainihin abin da ya ce wa mutumin. Ya ce ai an gama. Na ce ba haka na tambaya ba, ya furta cewa ya sallama ko bai furta ba? Ya yi tsaki ya ce abin da ya ce shi ne sai ya ji ta bakin yayansa. Na ce to ba a gama ba. A lokacin ba don ina da wata dabara na faɗa ba, kawai ba na son a ce an yi abin da ba a yi ba.

A yammacin ranar mahaifiyata ta ɗauki muciya ta je ta yi ta buga ƙyauren nan har Gwaggo ta janye turmi. Ta sunkuya ta shiga. Ta ce ta zo ne ta gaya mata da bakinta cewa za a toshe ƙofar, don kada ta wayi gari ta ga bulo. Abin da ya biyo baya daga bakin mahaifiyata na ji shi, washegari, da ta aika a kira ni.

Ashe tun bayan sadakar arba'in Baba ya san za a sayar da gidan, kuma ya fara shiri. Ya riƙe shinkafarsa bai sayar ba, ya ware shanu biyu, manyan 'ya'yansa sun yi alkawarin abin da za su kawo. Ya yi lissafinsa a kan abin da gidajen layin suka yi, kamar yadda mu ma muka yi. Ranar da na je masa, da na fita, ya shiga gida ya ce wa Gwaggo yaran sun sauke haƙƙin maƙwabtaka da baki, amma sun rufe ƙofa da kuɗi. A fahimtarsa, wanda ya zo da ƙafarsa ya faɗa maka irin wannan kuɗi, cikin ladabi yake gaya maka cewa ba kai yake so ya sayar wa ba.

Mahaifiyata ta tambaye ta me ya hana shi tayawa, tun da kowa ya san ana ragi. Gwaggo ta ce:

"Shi taya gidan amininshi awa akuya? Ga yaron da anka haifa gabanshi? In ya rage, a ce ya ci dukiyar marayu. In ya biya, ba ya da su. Mi kike so shi ce?"

Da mahaifiyata ta gama ba ni labari, ta dube ni. Ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari, sai dai ta ce mai labarai.

"Kai mai labarai, kuɗin kasuwa ka kai zaure."

Na ce shi ne kuɗin da aka yanke, kuma ni tun farko ban yarda da shi ba.

"Ni cewa na yi a gaya mashi," ta ce. "Ban ce a kore shi ba."

Na koma zauren Baba a ranar. Wannan karon ban yi muryar aiki ba. Na bayyana masa yadda aka yi, cewa kuɗin dillali ne aka ɗora don a sauka. Ya saurara har na gama, ya ce ya fahimta, kuma babu komai a ransa. Na ce to ga abin da ɗan kasuwan ya taya. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni kafin in faɗa. Ya ce ba ya son ji. Akwai cinikin wani a kan gidan, kuma shi ba zai shiga ciniki a kan cinikin wani ba. In mun rabu da mutumin, rabuwa ta gaskiya, ba don mu gwada shi ba, to sai a yi magana. Bai yi mini alkawarin zai saya ba, bai kuma ce zai biya abin da wancan ya taya ba.

Ga inda muka tsaya ke nan. Sai mun saki tayin da ke hannu kafin mu san abin da za mu samu.

Ƙanena ya ƙi, kuma har yau ban ce ya yi kuskure ba. Ya ce mun shafe watanni muna neman mai saye, ga shi Allah ya kawo, za mu kore shi saboda ƙyauren duro. Ya ce akwai haƙƙin marayu a cikin kuɗin nan, kuma zumunci ba ya biyan kuɗin haya. Mahaifiyata ta ce duk abin da ya ragu daga kason ƙanwata a cike shi daga tumuninta na gado. Ƙanena ya ce tumunin nawa ne gaba ɗaya. Ta ce nata ne dai.

Aka juya ga ƙanwata, domin ita ce mai wa'adi a wuya. Ta ce ita ba ta da ta cewa a kan ƙofa, ta Inna ce. Abin da take so shi ne a sa rana. In za a gama kafin kaka ta wuce, ta yarda. In ba za a gama ba, a gaya mata yanzu.

Babu wanda zai iya ba ta wannan tabbaci, amma na ce na ɗauka.

Ranar Juma'a ni na je wurin ɗan kasuwan na ce masa albarka. Na gaya masa dalili. Bai ji haushi ba, ya ce shi ma yana da maƙwabta, kuma akwai wani gida da ake nuna masa wajen Ƙofar Atiku. Wanda ya ji haushi dillali ne, sai da muka tabbatar masa la'adarsa tana nan ko wa ya saya, sannan ya tuna cewa shi ma tun farko ya so a bar wa maƙwabci.

Saura yanke kuɗi, kuma yanzu babu mai iya buɗe baki. Mu in muka faɗa, Baba ba zai rage ba ko ya fi ƙarfinsa. Shi kuma ba zai taya ba. Mai unguwa ne ya raba gardama. Ya ce zai zo da magini da wani dattijo da ya san cinikin gidajen unguwar, su duba su yi wa gidan ƙima, da sharaɗin ɓangarorin biyu su amince tun kafin su ji. Muka amince. Baba ya ce in abin da suka faɗa ya fi abin da ya tanada, zai faɗa a fili, ba zai ji kunya ba tun da ba mu muka faɗa ba.

Suka zo da hantsi. Suka auna tsawo da faɗi, maginin ya hau ya duba azara, ya daɗe a kan ɗakin da ya rubza. Suka keɓe a gindin dogonyaron ƙofar gida suna magana ƙasa ƙasa, mu kuma muna zaure, ni da ƙanena a gefe ɗaya, Baba da babban ɗansa a ɗaya gefen, muna maganar farashin taki kamar shi ya tara mu. Da suka dawo, mai unguwa ya faɗi adadi sau ɗaya. Bai kai tayin ɗan kasuwan ba. Ɗakin da muka ƙi yi wa yaɓe ya ci rabonsa.

Baba ya dubi ɗansa, ɗan ya gyaɗa kai.

"Na saya," ya ce.

Na dubi ƙanena. Ya ɗaga kafaɗa, ya kau da kai.

"Mun sallama," na ce.

Aka shafa fatiha. Kafin a gama sussukar gero ya biya, aka yi takarda a gaban mai unguwa da shaidu. Ƙanwata ta karɓi kasonta cif kamar yadda zai kasance da ɗan kasuwan ne ya saya, ta tare a ɗakinta kafin wa'adi. Tumunin mahaifiyata ya rame. Ni da ƙanena kowa ya haɗiye nasa giɓin, sai dai shi nasa bai gama wucewa ba, domin duk Sallah in muka haɗu sai ya gaya mini abin da shaguna ke kawowa a layin yanzu.

Na sha tunanin zaman nan na farko a zaure. Mu uku kowa ya zo da dabararsa, kuma kowace dabara tana da mai sayen da ta dace da shi. Da ɗan kasuwan Sabon Gari ne ya fara zuwa, da ta dillali ta yi aiki, domin shi ciniki abincinsa ne, ragi ba ya sa shi kunya. Mun ɓata yini muna gardamar nawa za a ce, babu wanda ya tambayi wa zai fara ji, alhali duk mun san shi, muna jin tarinsa ta katanga. Kuɗin da aka bar wa wurin ragi na wanda zai iya neman ragi ne, kuma shi ya sa ake ba dillali ya kai, don a yi ja-in-ja ba tare da an haɗa ido ba. Mu sai muka ɗauki kuɗin dillali muka ba babban ɗa. Girmamawar da muka yi wa Baba ita ta hana shi magana. Yanzu in wani ya tambaye ni yadda zai sa wa gidansa kuɗi, ba na ba shi dabara. Ina tambayarsa ko akwai wanda ba zai iya ce masa ya rage ba. In akwai, ya fara da shi, kuma ya je masa da gaskiyar kuɗin.

Har yanzu ina ganin da an bi shawarata ta farko da ba a kai ga haka ba. Ƙanena yana ganin da an bi ta, da an zabge mu tun a makon farko. Mun bar maganar a nan.

Ƙofar kuwa, ba ta tsira ba. Da rani ya shigo Baba ya rushe katangar gaba ɗaya ya haɗe gidajen biyu, abin da kowane mai hankali zai yi. Na daɗe ina jin nauyin gaya wa mahaifiyata, ashe ta riga ni sani, har ta ba da shawarar inda za a mayar da murhu.

Duk Juma'a nakan kai ta unguwar bayan an sauko daga masallaci. Takan fara shiga wurin Gwaggo su yi hirarsu, sannan ta ce bari ta leƙa ɗakinta, inda matar ɗan Baba take zaune yanzu. Tsakar gida ce fetal, babu katanga, babu ƙyaure, sai wani layi a ƙasa inda launin turɓaya ya ɗan bambanta. Ba ta taɓa ratsawa ta wani wuri ba sai daidai inda ƙofar take. Kuma duk sanda ta zo wurin, sai ta sunkuyar da kai ta wuce.